Me ya kai masaniyar falsafa harkar asibiti da majalisa? Labarin Onora O'Neill

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin likitanci ne. A darasinmu na ɗa'ar aikin likita an ambaci wata Baturiya, Onora O'Neill, a kan batun neman amincewar majinyaci. Da na bincika sai na ga ba likita ba ce, ba kuma lauya ba, falsafa ta karanta. Duk da haka ta shugabanci manyan kwamitoci kan harkar lafiya, har ta zauna a majalisar dokokin Birtaniya. Ta yaya mai karatun falsafa yake kaiwa nan? Me ta sani wanda likitoci ba su sani ba? Kuma idan mutum yana sha'awar fannin, ta ina zai shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam, likitanmu na gobe. Allah Ya ba da sa'ar karatu.

Jikin ɗan'adam dai kai za ka fi ta saninsa, ita ma ba ta taɓa cewa ta san shi ba. Abin da ta ƙware a kai tambaya ce guda ɗaya da ta kwashe sama da shekara hamsin tana juyawa: idan aka ce mutum yana da haƙƙi, ko aka ce jama'a su yarda da wata hukuma, to wane ne ke da nauyin yin me, kuma ga wa? Da wannan tambayar ta shiga littattafan Kant, masanin falsafa na Jamus, da ita ta shiga mahawara kan yunwa, kuma ita ce ta kai ta ga takardar nan da ake miƙa wa majinyaci ya sa hannu kafin a shiga da shi tiyata.

An haife ta ranar 23 ga Agusta, 1941, a Arewacin Ireland. Mahaifinta, Con O'Neill, babban jami'in diflomasiyya ne, shi ne ya jagoranci jami'an Birtaniya a tattaunawar shiga tarayyar kasuwancin Turai a farkon shekarun 1970. Na kawo wannan ne don kada a ɗauka daga sama ta faɗo cikin manyan kwamitoci. 'Yar gidan manya ce, kuma ƙofofin da suka buɗe mata ba kowa suke buɗe wa ba. Ta yi digirin farko a kwalejin Somerville ta Jami'ar Oxford, inda ta haɗa falsafa da ilimin halayyar ɗan'adam da na yadda sassan jiki ke aiki. Daga nan ta tafi Harvard a Amurka, ta kammala digirin digirgir a 1969 a hannun John Rawls, wanda bayan shekara biyu ya fitar da littafinsa kan adalci da ya farfaɗo da falsafar siyasa a ƙasashen Yamma. Ta koyar a kwalejin Barnard da ke New York, ta koma gida a 1977 ta kama aiki a Jami'ar Essex, sannan a 1992 aka naɗa ta shugabar Newnham, kwalejin mata ta Jami'ar Cambridge, ta riƙe har 2006.

Ka lura da tazarar. Tsakanin digirinta na ƙarshe da shigarta babban kwamitin ɗa'a na ƙasa akwai sama da shekara ashirin, kuma mafi yawansu ta yi su ne tana rubutu mai wuyar karatu a kan Immanuel Kant, Bajamushen nan da ya rayu daga 1724 zuwa 1804.

Mutane da yawa suna yi wa Kant kallon mai tsaurin ra'ayi, mai shimfiɗa dokoki ba tare da duba halin da mutum ke ciki ba. O'Neill ta karanta shi ta wata fuska. A wurinta, Kant gwaji ya bayar, bai bayar da jerin dokoki ba. Gwajin shi ne: kafin ka ɗauki wata ƙa'ida ka yi aiki da ita, ka tambayi kanka ko kowa da kowa zai iya ɗaukarta a lokaci guda. Gwada yaudara ka gani. Mayaudari yana cin nasara ne saboda sauran mutane suna gaskata magana. Ran da kowa ya zama mayaudari, ba mai gaskata kowa, yaudarar kanta ba ta da inda za ta kama. Haka tilastawa: wanda aka danne an ƙwace masa ikon yin abin da mai danniyar yake yi. Ke nan waɗannan biyun ba za su taɓa zama ƙa'idar kowa ba, sai an ware wasu sun zama abin zalunta kafin su yi aiki. Daga nan ta ciro ginshiƙai biyu, kada a yaudari mutum, kada a tilasta shi. Riƙe su da kyau, za ka sake haɗuwa da su a bakin gadon mara lafiya.

Wurin da ta fara gwada su a duniyar zahiri shi ne batun yunwa. Lokacin ne na farin nan da ya ci yankin Sahel daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1974, wanda iyayenmu a Nijar da arewacin Najeriya ba sai an ba su labari ba. A 1974 kuma yunwa ta auka wa Bangladesh, aka kira babban taron abinci na duniya a birnin Rum cikin Nuwamba. Masana falsafa suka shiga mahawarar. Peter Singer ya rubuta a 1972 cewa mai wadata da ya ƙi taimakon mai jin yunwa a nesa daidai yake da wanda ya ga yaro yana nutsewa a kududdufi ya wuce don kada tufafinsa su ɓaci. Garrett Hardin, masanin muhalli, ya rubuta akasin haka a 1974: ƙasashe masu arziki kwale-kwalen ceto ne, in suka ɗebi masu iyo a gefe kowa zai nutse. A 1975 O'Neill ta amsa cewa duniyar baki ɗaya ita ce kwale-kwalen, a cikinsa ne wasu ke zaune a ɗakin alfarma. Ta kuma nuna cewa wanda ya tsara farashin kaya ko ya zuba jari ta hanyar da ta jawo mutuwar talakawa, bai isa ya ce shi dai taimako ne kawai bai yi ba. Da hannunsa a cikin mutuwar.

A littafinta na 1986, Faces of Hunger, ta ƙara gaba zuwa abin da ya fi jawo mata suna da kuma suka. Sanarwar haƙƙin ɗan'adam ta 1948 da yarjejeniyar 1966 kan haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa duk sun ce kowa yana da haƙƙin samun abinci. Ita kuwa ta ce to madalla, amma mai jin yunwa ƙofar wa zai ƙwanƙwasa? Haƙƙin kada a azabtar da kai a bayyane yake, domin nauyinsa yana kan kowane mutum: ni, kai, ɗan sanda, soja, kowa ya kame hannunsa. In an take shi, akwai wanda za a nuna da yatsa. Haƙƙin abinci ko na magani kuwa ba ya cika da kame hannu, sai wani ya tashi ya kawo. Muddin ba a ce wane ne zai kawo ba, nawa zai kawo, daga wace taska, to haƙƙin yana nan a takarda, mai yunwa kuma yana nan da yunwarsa. Don haka ta ce a fara daga wajibi, a ambaci mai shi da suna, sannan haƙƙi ya sami ƙafar tsayuwa.

Ga mai karatu Bahaushe wannan ba baƙon tunani ba ne, ko da yake ita ba daga nan ta ɗauko shi ba. Dubi zakka. Ba a tsaya ga cewa miskini yana da rabo a dukiyar mawadaci ba. An faɗi wanda za ta hau kansa, wato mai nisabi. An faɗi adadi, ɗaya cikin arba'in a kuɗi. An faɗi lokaci, cikar shekara. An lissafa mutum takwas da za a bai wa. Irin wannan rabon nauyi ne take cewa yawancin sanarwoyin haƙƙi na zamani sun tsallake.

Masu sukarta, irin su John Tasioulas da Elizabeth Ashford, sun ce ta kai maganar nesa. Hujjarsu ita ce haƙƙi yana nan tun kafin a kafa hukumar da za ta biya shi, hasali ma shi ne dalilin da zai sa a tilasta kafa ta. In aka ce ba haƙƙi sai an naɗa mai biya, gwamnatin da ta ƙi naɗa kowa ta sami mafaka ke nan. Ni ina ganin suna da gaskiya a wannan gaɓar. Amma a aikace, duk wanda ya taɓa zama a taron da aka yi ta maimaita cewa lafiya haƙƙin kowa ce, aka tashi ba a ce wace ma'aikata za ta sayi maganin ba, ya san ciwon da take nunawa. Abin dariya kuma, wannan matar da ta yi suna wajen tuhumar yadda ake maganar haƙƙi, ita aka naɗa shugabar hukumar daidaito da haƙƙin ɗan'adam ta Birtaniya daga 2012 zuwa 2016.

Yanzu ga yadda masana falsafa suka shigo asibiti. Ba su suka kutsa ba, abin kunya ne ya sa aka kira su. Bayan shari'ar likitocin Nazi aka fitar da ƙa'idojin Nuremberg kan gwaji a jikin mutum a 1947, ƙungiyar likitoci ta duniya ta biyo da sanarwar Helsinki a 1964. Sai a 1972 asiri ya tonu cewa hukumar lafiya ta Amurka ta shafe shekara arba'in a Tuskegee tana kallon yadda ciwon tunjere ke cin baƙaƙen fata kusan 400, ba a yi musu magani ba ko bayan samuwar penisilin. Jama'a suka daina yarda a bar likitoci su kaɗai su riƙa yanke wa kansu hukunci. Daga nan aka sami rahoton Belmont na Amurka kan ɗa'ar bincike a kan mutane, da kuma littafin Tom Beauchamp da James Childress na 1979 mai ƙa'idoji huɗu da na tabbata an sa ku haddacewa: girmama zaɓin majinyaci, kyautata masa, kauce wa cutar da shi, da adalci. A hankali ta farkon ta danne sauran ukun, musamman a Amurka.

A Birtaniya haihuwar Louise Brown a 1978, jaririya ta farko da aka samu ta hanyar haɗa ƙwan mace da maniyyi a ɗakin gwaji, ita ta tayar da ƙura. A 1982 gwamnati ta ɗauko wata masaniyar falsafa, Mary Warnock, ta shugabanci kwamiti. Rahotonsu na 1984 ya ce a yarda da bincike a kan ɗan tayin ɗakin gwaji har kwana 14, kada a wuce, kuma wannan ya shiga doka a 1990. Warnock ba ta ce ta gano ranar da ɗan tayi ke zama mutum ba. Layi ta nema wanda yake da alaƙa da wani sauyi na gaske a halittar ɗan tayin, wanda za a iya ƙirgawa, wanda kuma masu ra'ayi mabambanta za su iya haƙuri da shi. Aikin masanin falsafa a kwamiti yawanci irin wannan ne.

A 1991 gidauniyar Nuffield ta kafa majalisar nazarin ɗa'a a harkar lafiya da binciken halittu, mai zaman kanta, ba ta gwamnati ba. O'Neill tana cikin 'yan farko, ta kuma shugabance ta daga 1996 zuwa 1998. Tsakanin 1991 da 1998 majalisar ta fitar da rahotanni kan gwajin cututtukan gado, da amfani da sassan jikin mutum da aka cire, da dashen gaɓoɓin dabba a jikin ɗan'adam. A 1999 aka ba ta kujera a majalisar dattawan Birtaniya, wadda naɗa yawancin 'ya'yanta ake yi, ta zauna a ɓangaren waɗanda ba su da jam'iyya. A can ta yi aiki a kwamitoci irin na binciken ƙwayoyin halitta na asali da na amfani da ilimin gado wajen magani.

Nan ne muka iso abin da aka ambace ta a kai a ajinku, kuma nan zan ɗan daɗe.

A Janairun 2001 aka fitar da rahoto kan asibitin yara na Alder Hey da ke Liverpool. An gano cewa tsakanin 1988 da 1995 an riƙa cire gaɓoɓin ɗaruruwan yaran da suka rasu ana ajiyewa, iyaye sun binne 'ya'yansu ba su san an riƙe zuciya ko ƙwaƙwalwa ba. Abin lura shi ne, iyaye da dama sun sa hannu a takardar binciken gawa. Takardar ta yi maganar riƙe wani abu daga jiki, su sun ɗauka ɗan ƙanƙanin yanki ne na dubawa a madubin likita, masu aikin kuma suka fassara shi da gaɓa sukutum. Sa hannu yana nan, amincewa babu. O'Neill ta ce wannan ba haɗari ba ne na asibiti ɗaya, haka amincewa take a ko'ina: mutum yana amincewa ne da abin da aka bayyana masa yadda ya fahimce shi, amincewarsa ba ta tsallakawa da kanta zuwa abin da maganar ta ƙunsa wanda shi bai gane ba. Wanda ya ce ya yarda a yi masa aiki a ciki bai ce ya yarda da duk abin da likita ya san aikin ya ƙunsa ba.

Maganin da hukumomi suka saba kawowa shi ne a tsawaita takarda, shafi biyu ya koma ashirin. Ita ta ce ba za a taɓa rubuta komai ba, kuma mutumin da ke cikin zafin ciwo da tsoro ba shafi ashirin zai karanta ba. Doguwar takarda asibiti take karewa daga shari'a. Ta ƙara da cewa akwai jama'a masu yawa da ba za su iya amincewa ba ko kaɗan, jarirai, wanda ya suma, tsohon da hankalinsa ya gushe, kuma su ne suka fi cika gadajen asibiti. Sannan lafiyar al'umma gaba ɗaya ba ta ginuwa a kan amincewar ɗaiɗaiku: ba a bi gida-gida ana tambayar kowa ko ya yarda a tace ruwan famfo ko a killace mai cuta mai yaɗuwa. Idan zaɓin mutum ɗaya shi ne tushen ɗa'ar likitanci duka, to duk waɗannan sun faɗa waje.

Kada ka fahimce ta a karkace. Ba ta ce a daina neman amincewa ba, kuma ba ta kira a koma zamanin da likita ke yanke hukunci shi kaɗai ba. Cewa ta yi a san amfanin abin. A littafinta na 2002 kan 'yancin zaɓi da yarda, da wanda ta rubuta da Neil Manson a 2007, ta ce aikin amincewa shi ne tabbatar da cewa ba a yaudari majinyaci ba, ba a kuma tilasta shi ba. Ga ginshiƙan nan biyu sun dawo. Yanka jikin mutum da wuƙa laifi ne. Amincewarsa ce ke ɗage haramcin, a wannan karon, don wannan dalilin. To tambayar da za ka yi wa kanka ba ita ce ko ya sa hannu ko ya dangwala yatsa ba. Ita ce: ya fahimci abin da ya dame shi ya fahimta? Ya san zai iya cewa a'a, ko ya fasa daga baya, ba tare da an juya masa baya ba? In yana son ƙarin bayani, akwai wanda zai tambaya da harshen da yake ji? Matar da mijinta ya sa hannu a madadinta tana kwance tana kallo, an tambaye ta? Takarda ba ta amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan.

A 2002 ne sunanta ya fita daga jami'a ya shiga gidajen mutane, lokacin da BBC ta ba ta laccocin Reith da ake gabatarwa a rediyo, guda biyar, ta yi su a kan yarda. Birtaniya tana cikin ruɗani a lokacin: likita Harold Shipman da aka ɗaure a 2000 bisa kashe majinyatansa 15, mace-macen jarirai a sashen tiyatar zuciya na Bristol, cutar haukan shanu, da tsoron allurar rigakafin ƙyanda da wani bincike na 1998 ya haddasa, wanda daga baya aka janye shi. Kowa yana cewa yarda ta rushe. Gwamnati ta amsa da ƙarin bincike, ƙarin fom, ƙarin maki da jadawalin wane asibiti ya fi wane.

O'Neill ta ce an yi kuskuren gane ciwon. Na farko, mutanen da ke gaya wa masu jin ra'ayi cewa ba su yarda da likitoci ba, gobe da safe suna layi a asibiti; abin da ya ƙaru zargi ne. Na biyu, yawan awon yana ɓata aikin da ake aunawa, domin ma'aikaci yana komawa bautar maki ya bar majinyaci. Ta kwatanta da shuka, cewa ba ta girma in kullum ana tumɓuke ta don a duba saiwarta. Daga baya, ita da ta shugabanci wani bincike kan lafiyar haihuwa a Ingila wanda rahotonsa ya fito a 2008, takan ba da labarin wata ungozoma da ta ce mata cike takardu ya fi karɓar haihuwar cin lokaci. Na uku, zubo bayanai a intanet da sunan ba a ɓoye komai ba bai zama sanarwa ba. Ana iya binne gaskiya a cikin tarin takardu. Abin da ke kashe yarda shi ne yaudara, kuma wannan ya shafi 'yan jarida kamar yadda ya shafi hukuma.

Maganarta da ta fi yawo ita ce neman a ƙara yarda wauta ce. Waɗanda suka ba Bernard Madoff kuɗinsu ya cinye, ai yarda ce ta yi musu yawa. Abin nema shi ne mutum ko hukuma ta cancanci a yarda da ita, ta kuma ba da hujjar da wani zai iya dubawa. Ma'auninta uku ne: ya iya aikin, yana faɗin gaskiya, yana cika alkawari. Kuma a kan aiki takamaimai ake aunawa. Kana iya yarda da malamar firamare ta koya wa ɗanka karatu, ka ƙi yarda ta tuƙa motar makaranta.

Ba sai mun je Liverpool ba kafin mu ga wannan. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana da ke Kano a kan yara kusan 200, rabi aka ba su sabon maganin, rabi wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce an yi musu bayani da Hausa sun amince da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran. Daga baya ta bayyana cewa takardar izinin kwamitin ɗa'a da aka nuna, bayan an gama gwajin aka rubuta ta. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Da jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, Trovan yana cikin abin da mutane ke ambata. Zargin da aka yi wa maganin shan inna bai tabbata ba, kuma dakatarwar ta sa cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara suka shanye. Amma mutanen da suka yi shakka ba daga banza suka fara ba. Kuma abin da ya dawo da rigakafin a Yulin 2004 bai zama yawan cewa ku yarda da mu ba: jihar ta tura nata mutanen suka duba, aka kawo magani daga Indonesiya, daga baya sarakuna da malamai suka shiga gaba. An ba mutane abin da za su iya aunawa da ma'aunin da suke da shi.

A nan ma ina da ja da ita kaɗan. Ma'auninta yana ɗauka cewa mai yarda yana da wani wurin zuwa in ya ga ba a cancanta ba. Uwar da ta ɗauko yaro mai sanƙarau zuwa asibiti ɗaya tilo da ke karɓar irinsa, ko ta auna ko ba ta auna ba, nan za ta miƙa shi. A irin wannan hali nauyin duka yana komawa kan likita da hukumar da ke sa masa ido, kuma gaskiya wannan ya fi dacewa da O'Neill ta littafin yunwa, mai tambayar wa ke da wajibi, fiye da O'Neill ta rediyo.

Shiga harkar gwamnati yana da farashi ga masanin falsafa. Dan Brock, wanda ya yi aiki da kwamitin shugaban Amurka kan ɗa'ar likitanci a farkon shekarun 1980, ya rubuta a 1987 cewa a jami'a burinka gaskiya ce duk inda ta kai ka, a kwamiti kuwa dole ka damu da abin da maganarka za ta haifar, har ka sami kanka kana ɓoye hujja mai ƙarfi don kada ta kori ƙuri'ar wani. O'Neill ta fi yawancinsu tsira daga wannan, a ganina saboda ba ta bar rubutun ilimi ba ko tana majalisa, kuma ba ta ɗauki katin jam'iyya ba. Babu wata doka da ake kira da sunanta yadda ake danganta dokar kwana 14 da Warnock. Tasirinta a yadda hukumomi ke magana yake: kundin aikin ƙididdiga na Birtaniya na 2018, misali, ya sa cancantar a yarda a matsayin ginshiƙinsa na farko. Ta shugabanci cibiyar manyan masana ta British Academy daga 2005 zuwa 2009, kuma a 2017 ta karɓi kyautar Holberg ta Norway da ta Berggruen mai dala miliyan ɗaya.

Batun ta ina za ka shiga kuwa, kai ta ƙofar da ita ba ta da ita za ka bi. Gama likitancinka tukuna, ka yi aiki a ɗakin marasa lafiya, domin fannin yana da ƙarancin mutanen da suka san asibiti suka kuma iya gina hujja. Najeriya tana da kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya a ƙarƙashin ma'aikatar lafiya ta tarayya, kuma a 2007 ya fitar da kundin ƙa'idojinsa. Nemo shi ka karanta, ba shi da tsawo. Asibitocin koyarwa suna da kwamitocin da ke duba kowane bincike kafin a taɓa mutum, kuma aikin bincikenka na ƙarshen karatu ma ta hannunsu zai bi, don haka ka ɗauki wannan matakin a matsayin darasi, kada ka mai da shi neman hatimi kawai. Jami'ar Ibadan tana da digiri na biyu a fannin. A ɓangaren karatu, fara da laccocinta na Reith, gajeru ne kuma da sauƙin Turanci, ka bar littattafanta kan Kant sai ka sami malamin da zai bi da kai. Ka kuma haɗa da abin da malaman fiƙihu suka rubuta kan lalura, da izinin waliyyi, da lamunin likita in ya yi kuskure, domin yawancin iyalan da za ka zauna da su kana neman amincewa da wannan ma'aunin za su saurare ka.